A Ware Wa Abubakar Imam Dare Guda A Gidajenmu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan sam mini fili a wannan shafi namu na masu karatu, domin in yi kira ga iyayen yara, musamman 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa na ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Maganar tawa a kan marigayi Alhaji Abubakar Imam ce, da yadda ya kamata mu riƙa tunawa da shi a cikin gidajenmu tare da 'ya'yanmu, ko da sau ɗaya ne a shekara.

A wasu ƙasashe, marubucin da ya yi wa yara hidima ba a barin sunansa ya ɓace. A Amurka, tun 1998 aka ware ranar 2 ga Maris don karatun yara, saboda ita ce ranar haihuwar wani marubucinsu da ake kira Dakta Seuss, wanda aka haifa a 1904. Ran nan iyaye da malamai sukan zauna su karanta wa ƙananan yara littafi. Haka kuma tun 1967 ake bikin ranar littattafan yara ta duniya a 2 ga Afrilu, ranar haihuwar Hans Andersen, mutumin ƙasar Denmak mai rubuta tatsuniyoyi. To mu fa, jama'a? Mu ma ai muna da namu, kuma wallahi bai gaza nasu ba.

An haifi Abubakar Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya zama malami a Midil ta Katsina. A 1933 da ofishin fassara na Zariya, ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, ya sa gasar rubuta labarai da Hausa, ya shiga yana ɗan shekara 22 kacal, ya rubuta Ruwan Bagaja, aka buga shi a 1934. Gasar nan ce ta haifar da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, aka fara buga shi a 1937. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, shi ne editanta na farko Bahaushe. Kai ma Malam Edita, kujerar da kake kai a yau, shi ya fara ɗumama wa irinku ita. Allah ya yi masa rasuwa ran 19 ga Yuni, 1981, a Zariya. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa.

Duk wanda ya shiga firamare a ƙasar nan, tun daga 'yan makarantar elementare har zuwa mu da aka kwasa a shirin ilmi kyauta na 1976, ya san Aku, ya san Musa da Mahmudu, ya san mugun Waziri. Ya san Alhaji Imam da Malam Zurƙe da irin tsiyar da suka yi ta ƙulla wa juna gari-gari. Har waɗanda ba su taɓa riƙe alli ba sun san su, domin ɗan makaranta ɗaya a unguwa yakan karanta wa mutum ashirin a gindin fitila. Daga baya, a shekarun 1980, gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, marigayi Ƙasimu Yero na ciki. Yau ka tare yaro ɗan shekara goma sha biyu a bakin tasha ka tambaye shi wane ne Fasih, sai ya dube ka kamar ka yi masa Faransanci. Amma tambaye shi 'yan ƙwallon Ingila, sai ya jero maka su har da masu zaman benci.

Kada wani ya ce wannan maganar 'yan boko ce, ba ta shafi talaka ba. Ni ɗan tireda ne, kuma a kan teburina nake ganin abin. Sau nawa uwa za ta aiko yaro da 'yar takarda an rubuta sabulu, gishiri, ashana, in ce masa karanta mini abin da aka aiko ka, yaro ɗan aji biyar ya tsaya yana juya takarda yana sosa ƙeya. Hausa ce fa, harshen da ya sha a nono. To yaron da bai iya karanta gishiri ba, yaya zai karanta wa ubansa saƙon kuɗi da ya shigo waya, ko takardar cinikin gona, ko ranar da aka rubuta masa ya koma asibiti? Haka za a ci gaba da dangwala mana yatsa a kan takardar da ba mu san abin da ke cikinta ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyar da 'yan firamare da harshen uwa, sai ga shi a Nuwamban 2025 an soke wannan tsari, an ce da Turanci za a koyar. Ko mutum ya yarda da wannan hukunci ko bai yarda ba, abu guda ya fito fili: idan gida bai riƙe karatun Hausa ba, ba wanda zai riƙe mana shi.

Na san akwai masu cewa bikin ranar haihuwa al'adar Turawa ce, kuma malamanmu da yawa ba sa so. Ni ma ba na kiran kowa ya yanka kek ko ya hura kyandir. Iyayenmu ma shekara suke riƙewa, su ce shekarar fara, ko shekarar da aka naɗa sarki wane, kuma a tarihin Imam ɗin ma shekarar 1911 ake kawowa. Saboda haka shawarata ita ce mu ɗauki 19 ga Yuni, ranar da ya bar duniya. A yi masa addu'a kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi da ya amfani jama'a, sannan a buɗe littafinsa a karanta wa yara. Ban ga malamin da zai hana wannan ba, balle ma mutumin nan bayan labarai ya rubuta Tarihin Annabi da tarihin Sayyidina Abubakar da Hausa.

Wani abokina mai sayar da hatsi ya ce mini ai Yuni ba lokacin hira ba ne, lokacin shuka ne, ga gajiya, ga rumbu ya yi ƙasa. Gaskiya ne. Amma ku duba ta ɗaya gefen. Da rani ina mazan suke? Rabin majiya ƙarfin ƙauyukanmu suna Kano da Legas da Fatakwal wajen cin rani. Da kaka kuwa ana ta fama da yankan gero da riɗi da tsinkar zoɓo, kowa hankalinsa na kasuwa. A Yuni ne kowa ya dawo gida, wanda ya yi binne yana jiran ruwa, wanda bai yi ba yana duban gabas, makarantu kuma ba su tafi dogon hutu ba. Gida a cike yake. Kuma ba wanda ke shuka bayan sallar lisha.

Abin ba ya son wani dogon shiri. A ci tuwo, a yi lisha, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in hadari ya taso a koma zaure ko ɗakin uwargida. A kashe rediyo, maigida ya tara wayoyin gidan ya sa a aljihu, har da tasa. A kunna fitilar sola. A dafa gyaɗa ko rogo, a jiƙa zoɓo, wanda Allah ya hore masa ya sa a yi ɗanwake. Sai a miƙa littafin ga yaron da ya fi iya karatu, ya karanta labari guda da ƙarfi, in ya gaji ya miƙa wa na kusa da shi, ko layi biyu ne ƙaramin ma ya taɓa.

A nan ne nake son in yi magana da ɗan'uwana wanda bai yi boko ba, wanda zai ce to ni mene ne nawa a ciki, tunda ban san baƙi ba? Naka ya fi na kowa, Malam. Rubutun Hausa na boko ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya kuma nuna inda ake jan wasali. Gari da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo, rubutunsu ɗaya. Kukan jariri da kukar miya, ɗaya. Farin zane da farin da ke ƙone gero, ɗaya. In aka rubuta cewa sarki ya yi baƙi, yaro zai iya karanta shi yadda za ka ɗauka sarkin ne ya rine, alhali mutane ne suka zo masa daga nesa. Ido ba ya raba wannan, kunne ke rabawa, kuma kunnenka ya fi na yaron shekara talatin a cikin harshen nan. Da ka ji ya karkace sai ka ce, a'a, sake dai, ba haka Bahaushe ke faɗi ba. Ka ga kai da ba ka san baƙi ba ka zama malamin mai karatu. Malamin aji da ke fama da yara cunkus a ɗaki ɗaya ba shi da sukunin tsayawa kan yaro guda ya yi masa wannan gyara. Kai kana da shi.

Sannan ga kalmomi. Littattafan nan cike suke da abubuwan da yaran yau ba su taɓa gani ba, ko sun gani ba su san sunansu ba. Za a zo kan fatake da madugu da zango, yaro ya tsaya. Za a zo kan sule da sisi da taro, alhali tun 1973 aka koma naira. Wa zai warware masa in ba kakansa ba, wanda ya sayar da gyaɗa da waɗannan kuɗi? Za a zo kan likkafa da linzami da lifidi da zagi. Haba, a ce yaron ƙasar Lautai, inda ake hawan salla yana kallo kowace shekara, bai san sunan kayan doki ba? Da an taɓo wannan, tsoho sai ya gyara zama, labari ya jawo labari, har a manta da littafin a shiga tarihin gidan. In haka ta faru kada a katse shi, ribar ke nan.

Bayan karatu sai a ba tsohuwa fili ta yi tatsuniya, ta Gizo da Ƙoƙi ko wadda ta ga dama, a yi kacici-kacici, a yi gasar karin magana, wani ya faɗi rabi wani ya ƙarasa. Yara kuma da rana, bayan sun taso daga makaranta, a bar su su gina Aku da doki da laka, ko su ƙera keji da karan dawa, su zana Waziri da gawayi a jikin kwali. Masu ƙiriniya a ba su tsohon rawani da buta su kwaikwayi Malam Zurƙe, ai masu yin tashe da azumi ba za a koya musu wasa ba. Amma abin da na fi so duk a ciki shi ne a sayi littafin rubutu guda, a ba yaro ko yarinya aikin rubuta tatsuniyar da kaka ta faɗa a daren, da sunanta da shekarar. Baɗi a ƙara wata. Shi kansa Imam haka ya yi: ya ɗebo labarai daga Dare Dubu Da Ɗaya, da na Indiyawa, da na Jamusawa, da na gida, ya ɗinka musu riga da hula har ba ka ce baƙi ba ne. Tsofaffinmu na Mangawa da Fulani da Hausawa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da labarin kafuwar garuruwanmu da rijiyoyinmu a cikinsu, ba mai rubutawa.

Ina roƙon maza kada su mai da abin na zaure kaɗai, su bar mata a ciki suna jiyo dariya daga nesa. A cikin gida za a yi. Sau da yawa ma amaryar gidan ta fi maigidan karatu, ta yi sakandare, tana karanta littattafan soyayya a waya, to a ba ta littafin ta ja. Kuma don Allah, daren nan guda a sauke wa yarinya farantin talla. Na sani cinikin dare ne ke kawo kuɗin cefanen gobe a gidaje da yawa, ni ma da ciniki nake ci, ba zan raina shi ba. Amma asarar dare ɗaya a shekara ba za ta karya jari ba. In akwai almajirin da ke yi wa gidan aike, a kira shi ya zauna, a ba shi gyaɗarsa. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a allo, in ya ga yadda ake haɗa na boko, ba ya daɗewa yake kamawa.

Gaskiya guda kuma, ba kowane labari ne a cikin littattafan nan ya dace da ɗan shekara shida ba. Akwai na ɓarayi, akwai na bokaye, akwai inda aka yi wa mata ba'a fiye da kima, kuma shi Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ba ƙaramin maƙaryaci ba ne in ya so. Babba ya fara dubawa ya zaɓa, labarai wajen tamanin ne, ba za a rasa ba. In an gama a tambayi yara, wa ya kyauta, wa bai kyauta ba, kai da kai ne me za ka yi? Ku bar su su yi gardama. Ni dai da za a bi tawa, da farkon littafi na ɗaya za a fara. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya shirya wa ɗansa Musa makirci a waje, Musa kullum dare sai ya yi shirin fita, Aku kuma ba shi da takobi ba shi da ƙarfi, da labari kawai yake riƙe shi har gari ya waye. Uban da ɗansa ke kwana a gidan kallo ko a bayan tasha wajen 'yan shaye-shaye, ya san Wazirin nan yana nan da ransa, kuma bulala ba ta hana fita.

Saura maganar kuɗi. Kafin mutum ya ce littafi ya yi tsada, ya lissafa abin da ke fita aljihunsa a wata wajen cajin waya da kati da tura finafinai. In duk da haka ya gagara, a yi masa adashi: gida uku su haɗu, kowa ya sayi littafi ɗaya daga cikin ukun, a riƙa musaya. Wanda kuma ke da tsohon kwafi a ƙasan adaka, wanda gara ta ci bangonsa, ya fito da shi a ɗinke da zare. A lura da bugun 'yan satar fasaha, mai dusasshen rubutu da shafuka a juye, domin yaron da ke koyo in rubutu ya dushe masa sai ya tsani karatun. Kamfanin NNPC na Zariya ne mai littafin, a nemi nasa.

Ku kuma 'yan'uwana masu shimfiɗa littattafai a bakin masallacin Juma'a da rumfunan kasuwa, ga Ahalari ga Ishmawi ga Ƙawa'idi, me zai hana in kun je sari Kano ku haɗo da Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja ko biyar-biyar? Kuna cewa ba a tambaya. Yaya za a tambayi abin da ba a gani ba? Ranar Alhamis kasuwar Maigatari takan tara mutane daga ko'ina, har da 'yan'uwanmu na Dungas da Magarya da Damagaram, waɗanda Hausa ɗaya muke yi da su. Mutumin da ya sayar da sa ko raƙumi, ya sayi atamfa ya sayi takalman yara, in ya ga littafin da aka karanta masa yana yaro ba zai wuce ba. Mu 'yan kasuwa ya kamata mu fi kowa gane sunan littafin nan, domin mun san abin da ake nufi da jari, mun kuma san wanda bai iya magana ba ba ya ciniki.

Ga hukuma, kaɗan nake roƙo. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su sa a yi shela mako guda kafin ranar, limamai su tunatar bayan salla. Ɗaliban sashen Hausa na Kwalejin Ilmi ta Gumel, kowa ya ɗauki ƙauye guda ya je ya karanta a gidajen da ba mai karatu. Rediyon Jigawa ya ware rabin awa a daren ya karanta labari ɗaya, domin rugage da ƙauyukan da littafin bai kai ba. Shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu, in za su taimaka, su sayi littattafan su raba wa makarantun firamare a hannun hedimasta, a gaban iyayen yara. Iyakarta ke nan. Abin da nake tsoro shi ne a ji wannan shawara a mai da ita taro: a kafa kwamiti, a yi hayar rumfa da kujeru, a gayyato babban baƙo mai jawabi ya zo a makare, a yi ta Turanci a kan muhimmancin Hausa, a raba lemon kwalba da ambulan, a watse ba yaro ko ɗaya da ya karanta layi guda. Irin wannan mun gani har mun gaji. A zamanin Yaƙi da Jahilci, a shekarun 1950, a gindin bishiya da zaurukan masu gari iyayenmu suka koyi karatu har suna karanta Sodangi, jaridar Lardin Kano, ba a kafa musu rumfa ba.

A 2031 Imam zai cika shekara 50 da rasuwa, shekara 120 da haihuwa. In muka fara tun daga Yuni mai zuwa, yaron da ke aji ɗaya yanzu, kafin lokacin ya kusa gama firamare, kuma shi ne zai riƙe littafin yana karanta wa ƙannensa.

Daga ƙarshe, Malam Edita, kai ma ga naka. Ka taimaka ka buga mana tunatarwa a makon farko na watan Yuni, sannan bayan ranar ka ware rabin shafi don tatsuniyoyin da yara suka rubuto daga bakin kakanninsu, da sunan yaron da na ƙauyensu. Ni na ɗauki alkawarin tattara na unguwarmu in aiko maka da su ta hannun direban motar Kano.

Naka mai karatu a kullum,
Wani ɗan tireda,
Gumel, Jihar Jigawa.